Laikin mai kama da rubutun ajami daga kurmin Ngel Nyaki: yaushe ake cewa nau'i sabo ne?

Ɗalibar Botani, Jalingo

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa masu nazarin tsirrai. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, kuma bincikena ya shafi ƙananan halittun da ke manne a ɓawon itatuwa a kurmin Ngel Nyaki, wanda ke kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa. Abin da na fi mai da hankali a kai shi ne laikin, wato shimfiɗar nan mai launin toka ko kore-kore ko ruwan ɗorawa da ake gani kamar tabo a jikin itace da duwatsu. Mutane da yawa suna haɗa shi da gansakuka su kira su da suna ɗaya, amma zan ci gaba da cewa laikin domin kada magana ta cakuɗe, tun da yake shi halittu biyu ne suke zaune a jiki ɗaya: fangas, ɗan'uwan fumfuna da laimar kwaɗi, wanda shi ne ya gina gidan, da ƙwayoyin gansakuka da ke ciki suna haɗa abinci da hasken rana.

A tafiyata ta ƙarshe, cikin watan Oktoba, lokacin da ruwa bai gama ɗaukewa ba kuma hazo yana kwana a kurmin har hantsi, na tarar da wani laikin a jikin wata ƙaramar bishiya mai sulɓin ɓawo a bakin rafi. Jikinsa fari ne mai sirkin toka, ya manne har ba a iya ɓamɓare shi sai an yanko shi da ɓawon, kuma a bisansa akwai siraran baƙaƙen layuka masu lanƙwasa da rassa, waɗanda duk wanda ya duba da gilashin hannu sai ya ce rubutun ajami ne aka yi da alƙalami mai tsini. Da na karce shi da farce sai launin ruwan lemo ya fito daga ƙarƙashi. A ɗakin gwaji na ɗiga masa ruwan K, wato ruwan sinadarin potassium hydroxide da ake gwada laikin da shi, ya yi rawaya, bayan ɗan lokaci ya rikiɗe ya koma ja. Na yanka ɗaya daga cikin layukan da reza na duba a maikuroskof, na ga ƙwayoyin irinsa ba su da launi, dogaye ne, kowace an raba ta ɗaki-ɗaki a jere kamar gaɓoɓin rake, kuma guda shida da na auna tsawonsu ya kama daga maikuromita 60 zuwa 70 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Na bi littattafan tantancewa biyu da muke da su a sashenmu, ban sami wanda ya dace da shi ba, domin duk inda siffa ta yi daidai sai girman ƙwayar iri ya saɓa. Mai duba aikina masanin manyan itatuwa ne, kuma ya gaya mini gaskiya cewa wannan ba fanninsa ba ne, ya ce in nemi waɗanda suka sani. Samfurin da ke hannuna biyu ne kacal, daga bishiya ɗaya, saboda sauran da na tara a ranar na yi kuskuren ƙulle su a leda da danshinsu, kafin in sauko Serti in iso gida fumfuna ta cinye su, abin da har yau yake yi mini ciwo.

Ta yaya mutum zai tabbatar cewa abin da ya samu sabo ne ga ilimi baki ɗaya, ba a wurinsa shi kaɗai ba? Idan ya tabbata, waɗanne sharuɗɗa ne sai an cika kafin sunan da aka raɗa masa ya karɓu? Kuma shin dole ne sai an karanta DNA ɗinsa, alhali ba mu da kayan yin haka?

Tsohon Malami, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin a duk shekarun da na yi ina koyarwa, ɗaliban da suka zaɓi laikin da kansu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Zan yi amfani da kalmomin kamar yadda ake yi a Larabci: nau'i shi ne matakin ƙarshe, jinsi shi ne ya tara nau'o'i masu kusanci, dangi kuma ya tara jinsuna.

Bayanin da kika yi ya isa a ce samfurinki ɗan dangin Graphidaceae ne, mai yiwuwa daga jinsin Graphis ko wani makusancinsa. Ruwan lemon da ya fito da kika karce shi launin gansakukar da ke ciki ne, wadda ake kira Trentepohlia, baƙaƙen layukan kuwa su ne gidajen da fangas ɗin yake ƙera ƙwayoyin irinsa. Ba ke kaɗai kika ga rubutu a jikinsu ba, domin sunan jinsin daga kalmar Girkanci da ta shafi rubutu aka samo shi, kuma wanda ya fi shahara a Turai sunansa Graphis scripta. To, amma dangin nan ya haura nau'i 2,000, mafi yawansu a dazuzzukan ƙasashe masu zafi, saboda haka rashin samunsa a littattafai biyu bai nuna komai ba tukuna. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin littattafan nan shi ne na Swinscow da Krog na 1988 a kan laikin na Gabashin Afirka, wanda littafi ne mai daraja, sai dai ya tsaya ne a kan masu kama da ganye da masu kama da gemu, bai shafi irin naki masu mannewa kamar fenti ba. Abin da kike bukata shi ne mabuɗin jinsin Graphis na duniya baki ɗaya, wato jerin tambayoyi a kan siffa da ke kai mutum ga sunan nau'i, wanda Lücking da Archer da Aptroot suka fitar a mujallar The Lichenologist a 2009, mai ɗauke da nau'i fiye da 300, tare da sanin cewa tun 2018 an ware da yawa daga cikinsu an mayar da su jinsin Allographa.

Mabuɗin nan zai tambaye ki abubuwan da ba ki ambata ba. Idan kika yanka layin a gicciye, yanka mai siriri sosai, ki lura da inda baƙin nan mai kama da gawayi ya tsaya: a saman leɓɓan kawai yake, ko ya sauko gefe biyu, ko ya zagaye har ƙasa? Leɓɓan sumul suke, ko suna da tsagi-tsagi? Sannan ki duba farin sashen da ke tsakiya, inda jakunkunan ƙwayoyin iri suke tsaye, ki ga ko garau yake ko cike yake da ɗigo-ɗigon mai. Kada ki raina wannan, domin Graphis librata da Graphis cincta duka suna yin rawaya su koma ja a ruwan K kamar naki, kuma babban abin da ya raba su shi ne na farko garau yake, na biyu yana da ɗigon man. Wannan dubawar a cikin ruwa zalla ake fara yin ta, domin K yana iya narkar da ɗigon, kuma yana kumbura ƙwayoyin iri. Ina so ki gaya mana a cikin me kika auna naki. Ƙwaya shida kuwa ta yi kaɗan ƙwarai. Ki auna aƙalla 20 zuwa 30 waɗanda suka nuna, daga layuka daban-daban, bayan kin daidaita ma'aunin idon maikuroskof ɗin da gilashin awo. Ki kuma ɗiga aidin ki rubuta launin da ƙwayoyin suka yi.

Idan kika yi duk wannan mabuɗin bai kai ki ga suna ba, to a nan ne babban aikin zai fara, kuma aiki ne na tonon tsofaffin takardu. Laikin na ƙasashe masu zafi ba su san iyakar nahiya ba, domin ƙwayoyin irinsu iska ce take ɗaukarsu, kuma nau'i ɗaya yakan bayyana a Afirka da Burazil da Indiya. Misalin da nake ba ɗalibaina daga nan yankinmu yake: Adam Afzelius, mutumin Suwidin, ya tara tsirrai a Saliyo a shekarun 1790, kuma Erik Acharius, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya raɗa wa wani laikin suna Graphis afzelii a 1814 don girmama shi. Yau ana kiransa Dyplolabia afzelii, kuma an same shi a faɗin ƙasashe masu zafi. Akwai ma Bafaranshe Antoine Fée, wanda a 1824 ya bayyana nau'o'i masu yawa daga ɓawon itatuwan magani da ake shigowa da su kantunan magani na Turai, ba tare da ya taka dajin da suka fito ba. Bayansu Nylander da Müller Argoviensis da Vainio sun raɗa sunaye ɗaruruwa, wani lokaci da bayanin da bai wuce layi uku na Latinanci ba. Daga 1953 kuma Ba'amurke Carroll Dodge ya wallafa jerin ayyuka a kan laikin na Afirka mai zafi, har da samfuran Nijeriya, kuma masu bincike na baya sun gano cewa da yawa daga cikin sunayensa maimaici ne na waɗanda suka rigaya.

Ƙa'ida ita ce sunan da ya riga shi ne mai iko. Idan wani ya bayyana abin nan naki a 1880 daga tsibirin Jaba na Indonesiya ko Kuba, sunansa ne zai tsaya, naki kuma ya shiga jerin maimaici, ya ƙara wa na baya wahala. Tun da tsofaffin bayanan gajeru ne, gani ya kori ji: sai an duba samfurin asali da aka raɗa sunan a kansa. Na Acharius da Nylander suna Helsinki, na Müller suna Janiba, na Vainio suna Turku. An ɗora hotunan da yawa daga cikinsu a intanet, tsofaffin littattafan kuma ana karanta su kyauta a Biodiversity Heritage Library, amma hoto ba ya nuna ɗigon mai ko girman ƙwayar iri, saboda haka a ƙarshe sai kin haɗa kai da masanin dangin nan wanda ya taɓa yanka waɗannan samfuran. Ki rubuta musu ba tare da jin nauyi ba. A sanina suna marmarin kayan Afirka ta Yamma.

Ko da ya zamana tsohon nau'i ne, kada gwiwarki ta yi sanyi. Abin da aka rubuta a kan laikin na Nijeriya kaɗan ne, na tsaunin Mambila kuwa ya fi ƙaranci, don haka rahoton samun wani nau'i karo na farko a ƙasar nan sakamako ne da ake wallafawa, kuma ya fi mini sabon suna da zai rushe bayan shekara biyar.

Mai Aikin Ɗakin Gwaji, Kano

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni zan tsaya ne a kan sinadarai, domin nan ne aikina. Malama, canjin launin da kika gani alama ce, ba hukunci ba. Gwajin ɗigo tsoho ne: Nylander ne ya shigo da K da C a 1866, Asahina na Japan ya ƙara P a 1934. K ruwan potassium hydroxide ne kashi 10 cikin 100, C kuwa bilicin wanki ne na kasuwa, amma sai sabo, domin wanda ya daɗe a buɗe ƙarfinsa yakan tafi ya ba ki amsar ƙarya. P, wato sinadarin para-phenylenediamine, yana da illa ga fata da lafiya, kada ki taɓa shi ba safar hannu, kuma gefen da kika ɗiga wa ki yanke shi ki zubar, kada ya ɓata sauran samfurin da takardarsa. Akwai kuma hasken UV, wanda ƙaramar fitilar nan ta duba jabun kuɗi tana wadatarwa a ɗaki mai duhu; wasu nau'o'in suna walƙiya da rawaya a ƙarƙashinta, kuma ana rubuta hakan a bayani.

Rawaya mai komawa ja a K yawanci tana nuna sinadarin norstictic ko salazinic. Za ki iya samun haske tun yanzu: ki ɗora ɗan yanki a gilashi, ki ɗiga K, ki jira 'yan mintoci ki duba a maikuroskof. Idan jajayen lu'ulu'u masu kama da allurai suka fito, to norstictic ne mafi kusa. Amma mujallar kirki ba za ta karɓi sabon nau'i da wannan kaɗai ba, sai da gwajin TLC, wanda Chicita Culberson da Kristinsson suka daidaita wa laikin a 1970. Ana jiƙa ɗan ɓarɓashin samfurin a asiton, a ɗiga ruwan a gindin faranti mai shafin silika, a tsayar da farantin a cikin kwalbar da ke da ruwan narkarwa, ruwan ya hau yana jan kowane sinadari zuwa tsayinsa, sannan a fesa ruwan sulfuric kashi 10 cikin 100 a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 110, sai tabo masu launi su bayyana. Ana gwada tsayinsu da na sanannun sinadarai biyu, atranorin da norstictic, waɗanda ake ɗigawa a gefe. Sashen kimiyyar haɗa magunguna a jami'a yakan kasance da waɗannan kayan, saboda da su suke nazarin itatuwan gargajiya, don haka ki leƙa can.

Game da DNA, ra'ayina shi ne kada ki wallafa ba tare da shi ba. A 2014 an nuna cewa wani laikin na tsaunukan Latin Amurka da aka daɗe ana kira Dictyonema glabratum, ana ɗaukarsa nau'i ɗaya, ashe aƙalla nau'i 126 ne. Ido da ma'auni ba su gano wannan ba sai da aka karanta DNA. A dangin samfurinki ma, raba Graphis da Allographa ya dogara sosai a kan wannan shaida. An zaɓi wani yankin DNA da ake kira ITS a 2012 ya zama lambar tantance fangas, amma masu aiki a kan Graphidaceae sun fi amfani da wasu yankuna biyu, mtSSU da nuLSU.

Damuwata ita ce DNA na irin waɗannan laikin masu Trentepohlia yana lalacewa da wuri, cikin makonni ko 'yan watanni bayan an tsinko su, saboda haka na watan Oktoba da wuya ya ba da wani abu yanzu. Idan kika koma, ki sa kowane samfuri a ambulan na takarda, ki shanya shi a inuwa mai iska a ranar, ki ware ɗan yanki mai layuka masu lafiya a cikin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ki kuma riga ki shirya da ɗakin gwajin da zai karɓa tun kafin ki hau dutsen.

Ma'aikacin Gandun Daji, Gembu

Ni ba masanin laikin ba ne, aikina kula da daji ne, amma ina da magana biyu. Ta farko, Ngel Nyaki gandun daji ne na gwamnatin jihar Taraba, kuma ɗibar samfuri don bincike yana bukatar izini a rubuce daga hukumar da ke kula da shi. Idan aikinki ya kai ki Gashaka-Gumti, can kuma izinin hukumar gandayen daji ta ƙasa ne. Ki ajiye takardun da kyau, domin za a tambaye ki su ranar da za ki aika da wani abu waje.

Ta biyu, kurmin nan ba shi da girma, tsibiri ne na itatuwa a tsakiyar ciyawa, kuma da rani wutar da ake sa wa ciyawar takan lashi bakinsa. Ƙaramar bishiya a bakin rafi tana iya kasancewa a tsaye bana, baɗi babu ita. Don haka kada ki jira sai kin gama karatun littattafai kafin ki koma. Ki ɗauki lambobin GPS da tsayin wurin, ki nemi ɗaya daga cikin matasan Yelwa da ke aiki da masu bincike ya gaya miki sunan bishiyar, domin sun san itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ki kuma bi rafin sama da ƙasa ki ga ko laikin ɗin yana kan wasu. Ina roƙon ki kada ki zagaye gangar bishiya da yanka, saboda hakan yana kashe ta, kuma kada ki kwashe duka, ki bar iri.

Tambaya gare ku masana: idan ya tabbata sabo ne, ina samfurin zai zauna? Na sha ganin an zo an ɗiba an tafi, mu da ke tsaron wurin ba mu sake jin labari ba.

Malama Mai Kula da Habariyam (Ma'ajiyar Busassun Samfuran Tsirrai)

Tambayar ɗan'uwa na Gembu ita ce ta sa na shigo, amma zan fara da sharuɗɗan suna, tun da ba wanda ya taɓa su. Dokar da ke aiki ita ce kundin ƙasa da ƙasa na sunayen gansakuka da fangas da tsirrai, wanda ake sabuntawa a babban taron masana tsirrai na duniya. A ƙarƙashinsa sunan laikin sunan fangas ɗin ne, gansakukar da ke ciki tana da nata suna daban, saboda haka dokokin fangas ne za su hau kanki.

Sai an wallafa sunan a mujalla ko littafi. Kundin digiri da aka ajiye a laburare ba ya wadatarwa, don haka kada ki rubuta sabon suna a kundinki kamar ya tabbata. Tun daga 1 ga Janairu 2012 ana karɓar wallafawa ta intanet a matsayin PDF, matuƙar mujallar tana da lambar ISSN, kuma daga ranar ne aka yarda a rubuta bayanin da Latinanci ko Ingilishi, bayan an shafe shekaru tun 1935 Latinanci kaɗai ake karɓa. Daga 1 ga Janairu 2013 kuma wajibi ne a yi wa sunan rajista a ɗaya daga cikin rumbunan sunayen fangas na intanet, wato MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, a buga lambar rajistar tare da bayanin, in ba haka ba sunan bai inganta ba. Dole ne ki ayyana samfuri guda wanda sunan zai rataya a kansa har abada, wanda aka tsinko a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tun 1990 sai an rubuta kalmar typus ko holotypus an kuma faɗi ma'ajiyar da yake ciki. Sunan kansa da tsarin Latinanci ake gina shi. Idan na wuri ne akan ƙara masa -ensis a ƙarshe, kuma sai kin duba Index Fungorum kin tabbatar ba a taɓa amfani da shi a jinsin ba. Al'adar masana ita ce mutum ba ya raɗa wa nau'i sunan kansa.

A cikin duk waɗannan babu DNA, kuma a nan na ɗan saɓa wa ɗan'uwa na Kano. Shawararsa mai kyau ce, kuma idan dama ta samu a yi, amma doka ba ta wajabta ba, kuma har yanzu ana wallafa sababbin nau'o'in Graphidaceae bisa siffa da awo da sinadari idan bambancin a fili yake. Idan muka ce ba mai raɗa suna sai mai na'urar karanta DNA, to mun yanke hukunci ke nan cewa ɗalibanmu masu tsinkowa ne kawai, wasu ne masu rubutawa, kuma ban yarda da hakan ba. Abin da ya fi damuna a batunki, ƙanwata, shi ne samfuri biyu daga bishiya ɗaya. Da wannan ba za ki iya sanin ko girman ƙwayar iri halin nau'in ne ko na wannan ɗaya kaɗai ba.

Game da inda zai zauna, marubucin sunan ne yake zaɓa, kuma shawarata ita ce samfurin asali ya zauna a gida. Habariyam na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, mai lambar FHI, sananne ne a duniya. Ki tsinko da yawa yadda za a raba kashi uku ko huɗu: na asali a Ibadan, ɗaya a jami'arki, ɗaya ko biyu a ma'ajiyar abokin aikinki na waje, domin idan gobara ko ƙwari suka ci ɗaya, saura su tsira. Kafin a shigar da shi ma'ajiya ana sa shi a firiza na kwanaki don kashe ƙwari, a busasshensa. Fitar da samfuri waje kuma yana tafiya ne da izini da yarjejeniya a rubuce, bisa tsarin yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa a kan raba amfanin albarkatun halittu, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, kuma a wannan takardar ce za ki sa sharaɗin cewa sunanki yana cikin marubuta, kuma kwafin abin da aka wallafa zai koma hannun masu kula da dajin.

Ɗalibar Botani, Jalingo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam, hasashenka ya yi daidai: a cikin K na auna su, kuma ban taɓa daidaita ma'aunin da gilashin awo ba, na ɗauki lambar da na tarar an manna a jikin na'urar. Jiya na aro gilashin daga wani sashe, na sake yanka layuka huɗu a cikin ruwa zalla, na auna ƙwaya 24. Tsawonsu ya sauko, yanzu yana tsakanin maikuromita 48 da 60. Baƙin ya sauko gefe biyu amma bai rufe ƙasa ba, leɓɓan sumul suke, tsakiyar kuwa cike take da ɗigon mai, waɗanda ban gani ba a karon farko. Aidin ya mayar da ƙwayoyin shuɗi mai sirkin shunayya, kuma jajayen alluran da Malam na Kano ya ambata sun fito bayan 'yan mintoci.

Na samu mabuɗin 2009, kuma waɗannan siffofin sun kai ni kusa da Graphis cincta, sai dai ƙwayoyin irin nawa sun fi abin da aka rubuta masa tsawo. Akwai wasu sunaye a wannan rukunin da ban gama bin bayaninsu ba, saboda haka a kundina zan rubuta shi a matsayin makusancin cincta, ba zan ba shi suna ba. Na yi magana da sashen haɗa magunguna, sun ce in kawo farantin silika, sauran kayan suna da su.

Zan koma Mambila da farkon damina, da takardar izini da ambulan da silika, kuma zan bi rafin kamar yadda Malam na Gembu ya ce. Malama mai habariyam, saura tambaya ɗaya: idan na sake tsinkowa daga bishiyar nan ta farko, zan iya haɗa sabon da na watan Oktoba su zama samfurin asali guda, ko kuwa tun da ranakun sun bambanta sai in ba kowanne lambarsa, in zaɓi sabon ya zama na asali?